Ƙusa Goma Sha Ɗaya a Bangon Zaure

Tunda kai aka ɗora wa rabon tallafin gwamnati na bana, ajiye biron nan tukuna in ba ka misali ɗaya.

A wani gari da ke bakin babbar hanya an yi wani tsohon direban babbar mota wanda ciwon ido ya raba da tuƙi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna can Kudu, sai waya ran Sallah, ita ma in an tuna. Gida ya yi masa faɗi. Shi kuwa ya yi shekara talatin yana kwana a ƙarƙashin mota a garuruwan da ba wanda ya san sunansa, don haka ba ya iya ganin mutum rakuɓe a tasha ya wuce. Da haka zaurensa ya cika. Akwai wanda mai gidan haya ya watso wa kaya waje, akwai waɗanda ambaliya ta cinye ƙauyensu, har da wani da aka sallamo daga asibiti ba mai jiransa. Duk wanda ya zo, sai tsohon ya buga masa ƙusa a bango ya rataye jakarsa, ya miƙa masa tabarma. Da magariba a haɗu a kan akushi ɗaya, yana ba su labarin hanyar Legas da suka ji ya fi sau ɗari, suna yi masa kara suna dariya. In za a faɗi gaskiya, ya fi su bukatar wannan zama. Damuwarsa ɗaya ce: gara ta cinye azarar zauren, rufin ya fara lotsawa, ya kuma san ba zai kai ƙarshen damina ba.

Sai aka ce gwamnati ta ware tallafi don wuraren da ke ba marasa wurin kwana mafaka. Mai unguwa ya sa sunan tsohon, shi kuma har ya je kasuwa ya tambayo farashin kwanon rufi. Ranar da ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo, saurayi ne mai ladabi, amma wuri bakwai ke jiransa kafin la'asar. Bai ko kashe babur ɗinsa ba. Ya gaida tsohon a ƙofar zaure, ya duba takardarsa ya karanto abin da ke ciki da ƙarfi: "Baba, marasa matsuguni nawa ne a wurinka?"

A bayan asabarin ƙofa mutanen suna zaune, kowa ya ji. Tsohon ya san cikinsu akwai wanda ya taɓa mallakar shanu arba'in, akwai wanda ya yi limanci a garinsu. Ta yaya zai ƙirga su a bakin titi da wannan suna kamar awakin da za a kai kasuwa? Ya ce, "Ɗana, wanda ya kwana a zaurena ai yana da matsuguni. Baƙi dai gare ni." Saurayin ya laluba takardarsa, bai ga gurbin baƙi ba. Ya rubuta babu, ya yi godiya, ya ja babur.

Tallafin ya tafi wani gida mai allo a ƙofa da gadajen ƙarfe, ba kuma laifin masu gidan ba ne, su sun san amsar da takarda ke so. Sai dai ba a shiga can sai da katin shaida, wanda ruwa ya tafi da ɗakinsa kuwa bai tsaya ɗaukar kati ba. A tsakiyar damina, wata Laraba da hantsi bayan ruwan kwana biyu, rufin zauren ya rufta. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Ɗaki ɗayan da ruwan ya bar wa tsohon ba ya ɗaukar mutum uku. Biyu suka samu shiga gida mai allo, sauran suka cire jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman gafara kamar shi ya yi laifi, suka watse. Wasu suka koma rumfar tasha inda ya tsinto su.

Tsohon ya daɗe bai saba ba. Magariba na yi sai ya ɗauko babban akushin, sannan ya tuna. Yakan zauna a kan dakali da 'yar rediyonsa, in ya ji takun mutum ya gyara zama don amsa sallama, takun ya wuce. Labarin hanyar Legas ya rasa mai ji. Kaɗaicin da ya kora da tabarmi ya dawo ya same shi, wannan karon ko zaure babu.

Da kaka saurayin ya sake zagayowa da sabuwar takarda. Babu asabari yanzu, babu ma ƙofa, sai ya taka ya shiga kangon. A bangon da ya tsira ya ga ƙusoshi a jere, ya ƙirga goma sha ɗaya, ga tabarmi a naɗe a lungu sun yi fumfuna.  Ya ce, "Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

Tsohon ya ce, "Suna jinmu, ɗana. Kai kuma ba ka shigo ba."

To, in ka je rabon nan, ka kashe babur, ka cire takalmi, ka shiga. Mutanenmu ba sa faɗin rashin wani a gabansa, ko da rufi zai faɗo musu a ka. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.