Dajin Da Aka Killace

"Tafi birnin Temuko mana," in ji tsohon, yana hararar jakar 'yarsa. "Can ma suna neman wadda za su tattake."

Tun rasuwar matarsa ya kewaye dajinsa na kan dutse da waya, ba saniya, ba mai sara. Haka ya tsare 'yar ma.

"Baba, dubi gangaren maƙwabcinmu da ƙasa ta zaftare shekarun baya," ta ce. "Ƙananan itatuwa sun cika shi. Naka fa?"

Ya duba. Tsofaffi ne zalla, gora ta shaƙe ƙarƙashinsu, ko tsiro ɗaya babu.

"Madalla, har daji ya goya miki baya."

Ya ɗauki jakar, ya shige gaba don kada ta ga fuskarsa.