Ranar da Aka Sallami Suhaibu

"Cire rigar ka miƙo, Suhaibu. Aiki ya ƙare."

Bai yi musu ba. Ya ninke ta ya ba oga, ya hau ɗan acaɓa daga Dutsin-Ma zuwa Rawayau, ko sallama bai yi wa kowa ba.

A majalisar ƙofar gidansu hirar korona ake yi. Rabe tela na kukan ta hana shi ɗinkin Sallah, Kamilu direba na rantsuwa tayoyinsa a ajiye suka lalace.

"Mai digiri, ya na gan ka da rana tsaka?" in ji Rabe. "Kai ma ta taɓa ka?"

"Ta taɓa ni," ya ce, ya shige ciki.

Mahaifiyarsa na kan tabarma, rediyo a kunne.

"Auta, ka ji? An ce cutar ta lafa, an saki gari. Allah ya raka taki gona, kada ya maimaita mana!"

Ta dube shi tana jiran amin.

Tun da ya gama jami'a babu ofishin da bai taka ba, kullum a ce ya dawo gobe. Sai da annoba ta zo aka ba shi riga da bokiti da sabulu, yana tsayawa bakin ƙofa yana zuba wa mutane ruwan wanke hannu. Duk faɗin ƙasar nan, ita kaɗai ta taɓa ɗaukarsa aiki.

"Auta, ban ji amin ɗinka ba."

"Amin, Inna," ya ce a hankali, kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.