Sharar Mutum Ɗaya

Loretta ta danna buhun da hannu, ta tura aljihun injin matse shara, ta murza makunni. Injin ya hau gurnani. Sai a lokacin Chester ya daina ƙorafi. Duk gidan ba abin da ke kwantar masa da hankali kamar wannan ƙarar.

"Ka ji daɗi, maigida," in ji ta, tana goge masa miyau a haɓa.

Tun ranar da aka sauke mata shi da 'yar jakarsa Loretta ba ta ɗaga labule ba. A wannan unguwa ta 'yan fansho a jihar Arizona ta Amurka ba mai aikin yi sai leƙen maƙwabta. Idan kwamitin unguwa ya gano Chester na zaune a gidan, kora ce, kuma ita ba ta da wani wurin zuwa. Ta daina zuwa coci, ta daina zuwa karta. Cefane a guje take yi yana barci.

Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Ga sanƙo, ga baki ba haƙori, sai dai a dama masa abinci a ba shi a cokali, rabi ya tofar. A ɗaga shi, a kwantar, a canza masa famfas, ko sannu babu. Wani lokaci ta zauna ta yi kukanta don gajiya, amma ba ta iya rabuwa da shi.

Shara ce kawai za ta iya tona su. Tsohuwa ɗaya buhu ɗaya take fitarwa, kowa ya sani. Shi ya sa famfas da gwangwanaye duk injin take ɗura wa, ya matse buhu huɗu su koma ɗaya.

Abin da ta manta, injin girma yake ragewa, ba nauyi ba.

Ran kwasar shara tana jan buhun a ƙasa tana haki, sai ga Gladys, shugabar kwamiti, da karenta.

"Ke 'yar uwa, gawa kika saka ne? Kawo in kama miki."

Suna ɗagawa buhun ya yage. Curin famfas ya faɗo tim a gaban Gladys. Daga cikin gida kuma Chester ya ɗaga murya.

"Lallai Loretta!" in ji Gladys. "Namiji kika ɓoye mana?"

Ba ta jira izini ba ta kutsa kai. Ta tsaya a ƙofar kicin ta daɗe tana kallonsa a kujerarsa mai taya, shi ma yana kallonta ba kunya.

"Don Allah, Gladys," in ji Loretta. "Ba shi da kowa sai ni."

Gladys ta cire tabarau ta goge ido.

"Injina ya fi naki ƙarfi, ki riƙa kawo mini rabin sharar ta ƙofar baya. Amma kin san doka, ba zan iya rufe ta har abada ba. Ba mai zama a unguwar nan sai ya cika shekara hamsin da biyar."

Loretta ta sunkuya ta ɗauki jikanta ta saɓa a kafaɗa. Saura masa shekara hamsin da huɗu da rabi.