Numfashi Ɗaya Gaban Minista

Tun da hayaƙi ya rufe gari aka kafa doka: duk mai koke gaban minista, numfashi ɗaya aka ba shi.

Shi ya sa mu ƙungiyar masu jinyar numfashi muka ƙi zaɓen Anti Lantana, wadda aiki ya cinye wa huhu. Muka ɗora Sallau mai faɗin ƙirji.

Ranar ganawa ta riƙe hannunsa. "Ɗana, iskar oksijin ta ɗakin yara a asibiti ta ƙare. Ita kaɗai za ka faɗa."

Sallau ya cika ƙirji. "Ranka ya daɗe, barka da hutawa, ya iyali, ya aiki, ya jama'a, Allah ya ƙara girma..."

Aka kaɗa ƙararrawa.

Minista ya yi murmushi. "Lafiya lau. Na gaba."