Ɗorin Ƙafar Gaba

"Ƙarya ne, zinari suka nema!" Malami ya daka tsawa a bakin ramin. "Wa ka baro jami'a saboda ƙashi?"

Kwana huɗu ke nan yana zuga mutanen ƙauyen su kori Dakta Zinatu, mai nazarin ƙasusuwan dabbobin da ake tonowa a kufai. Kufan kuwa ya shiga har cikin gonarsa, a yammacin Gummi. Ya ce akwai aljanu a wurin, ba ta tafi ba. Da ya ce gubar dalma irin wadda ta kashe yara a ƙauyen Bagega za ta tono musu, sai jama'a suka taru da sanduna.

Zinatu ta zazzage buhunta a ƙasa. Ƙashi ne zalla.

"Ku duba, Baba. Waɗannan sun haura shekara ɗari uku. Wannan kuwa ba shi da amfani a wurina, bai kai shekara uku a ƙasa ba. A ramin nan na cikin gonarku na tono shi. Sa ne, ga sawun wuƙar da aka yanka shi. Ya taɓa karyewa a ƙafar gaba, aka yi masa ɗori, ya warke a karkace."

Badaru makiyayi, wanda sandarsa ta fi ta kowa kauri, ya karɓi ƙashin ya jujjuya shi.

"Ni na yi ɗorin ga," ya ce a hankali. "Malami, ba kai ka rantse ka ga ɓarayi sun kora bajimina daji ba?"

Malami ya leƙa ramin. Bai taɓa fatan ganin zinari kamar ranar ba.