Ranar da Inna Ta Kama Suna

Tun da aka kawo na'urar da ake kira Cike-Gurbi, waya ta daina yankewa a ƙasar nan. In sabis ya yi rauni, na'urar ce ke ƙarasa maganar da ta ɓace a hanya, da muryar mai ita da fuskarsa, har layi ya dawo. Kowa ya ji daɗi.

Hansatu ma ta ji daɗi, domin kowace safiya tana ganin mahaifiyarta daga ƙauye tar a allo, ba tsayawa, ba "me kika ce?"

Ran Laraba ta kira kamar kullum.

"Inna, ina kwana? Ya tarin nan naki?"

"Ai ya wuce tuni," in ji Inna, tana murmushi. "Kin karya kuwa, Hansatu?"

Hansatu ta ajiye kofin kokonta a hankali. Ita ce 'yar fari. Tun da aka haife ta, Inna ba ta taɓa kama sunanta ba saboda kunya, sai dai ta ce "ke", ko "'yar nan".

Ta ɗauki wayar, ba ta kashe ba, ta nufi shagon Malam Tanimu mai gyaran waya.

"Malam, don Allah, gurbin kalma nawa abin nan yake iya cikewa? Ɗaya? Biyu?"

"Ai Hajiya, ba ya gajiya. Cikewa zai yi ta yi har layi ya dawo."

"In bai dawo ba fa?"

Malam Tanimu ya sunkuyar da kai. A allon, Inna na nan tana murmushi, tana sake tambaya ko ta karya.