Manhajar da Ke Faɗuwa Bayan La'asar

Karo na goma sha bakwai ke nan wayarta ta yi ƙara a ofishinsu na Kalgo: manhajar manoman shinkafa ta sake faɗuwa. Ita ta gina ta, ita kuma ta tsara cewa duk sanda ta faɗi, rahoto ya taho mata nan take. Rahotannin duk daga waya guda suke, a Gwandu, kullum bayan la'asar.

"Ki gyara kafin Juma'a," in ji shugabanta, "ko mu nemo wanda zai iya."

Ta zauna ta bi rahotannin layi-layi. Ashe wani ne ke zuba kalmomi a gurbin da ake sa adadin buhuna, manhajar kuwa lamba kawai ta sani. Na shekaranjiya ya ce, "Kin ci abinci?" Na jiya, "Jar akuyar ta haihu, biyu." Na yau, "Babanki na gaishe ki."

Ta dafe kai, ta kira gida.

"Inna! Ashe ke ce? Aikina fa za ki kashe!"

"Af, ga muryar ɗiyata," in ji tsohuwar. "Sati uku ina kira ba ki ɗauka. Da sallah ke da bakinki kika ce in abin nan ya faɗi, ko abinci kike ci sai kin aje cokali kin duba."

"Yau ɗin nan zan toshe wurin."

"Toshe, uwata. Na riga na gano wasu biyu."